Harsashin jan ƙarfe ko na dalma: mi za ka samu, mi za ka rasa

Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune majalisa nan Gusau sai ɗan yayana ya miƙo man waya, wai Kawu duba wanga bidiyo. Wani Bature ne shina yabon harsashin farauta wanda anka yi da jan ƙarfe zalla, ba dalma ko ɗigo cikinai. Yaro ya riga ya yanke hukunci, shi a wurinai wanga harsashi ya fi na dalma nisa, ya fi shi ƙarfi, ya fi shi komi. Na ce mai zauna mu yi magana, don ni na harba duka biyun, kuma abin da ka ɗauka ba hakanan yake ba. Abin da na faɗa mai shi ne zan rubuta nan, da ƙari kaɗan, don na san akwai irinai da yawa.

Ni gidan maharba na tashi, kakanmu Sarkin Baka ne wajen ƙasar Anka, da bindigar toka munka buɗe ido. Raifal ta farauta kau sai da aiki ya kai ni Afirka ta Kudu na riƙa ta, a irin gonakin nan da ake biya a yi farauta da izini. Can na ga bambancin da idona. Kuma tun kafin mu yi nisa, wagga magana ta mai lasisi ce. Dokar makamai ta 1959 tana nan, raifal ta farauta da bindiga mai harbin katirij duk sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka ma sai da na Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ga kuma halin da dajinmu ke ciki, Kuyambana da kakanninmu ke shiga su yi kwanaki yau wa zai tunkare ta, Allah dai shi kawo muna sauƙi. Amma ilimi ba ya ɓaci, kuma akwai 'yan uwanmu wajen Zuru da Yawuri da har yanzu suna fita.

Mu fara da ƙarfen kansa don duk rigimar daga nan ta taso. Dalma nauyi gare ta, santimita ɗaya ta ko'ina na dalma ya kai giram 11.3, na jan ƙarfe kau bai cika giram 9 ba, wato jan ƙarfe ya fi sauƙi da wajen kashi 20 cikin 100. To in kana son harsashi biyu masu kauri ɗaya su yi nauyi ɗaya, dole na jan ƙarfe ya fi tsawo, ba wata hanya. Wanga tsawon shi ka jawo abu biyu. Na farko shina cin wurin albarushi cikin kwanso. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, dogon harsashi shina buƙatar ya riƙa juyawa da sauri in ba haka ba sai ya yi ta tangaɗi a iska, kamar dai katantanwa da yara ke murzawa, in murzar ta yi rauni sai ta faɗi. Abin da ke murza harsashi shi ne tsagar nan da ke murɗe cikin bututun raifal. Wata raifal tana cika zagaye ɗaya cikin inci 10, wata sai inci 12. Raifal mai lamba .243, wato lambar kaurin harsashinta, da zagaye ɗaya cikin inci 10 tana harba harsashin dalma mai giren 100 lafiya lau (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), amma na jan ƙarfe da anka saba sa mata 80 ne ko 85. Shi ya sa masu abin ke cewa in za ka koma jan ƙarfe ka sauko da nauyi mataki guda. Mai harbin giren 180 a raifal mai lamba .30-06 ya dawo 165 ko 168, mai 165 a .308 ya dawo 150 ko ma 130.

To batun nisa da yaron ya ɗauka. Akwai wani maki da suke rubutawa jikin kwali, BC, ma'anarsa yadda harsashi ke tsaga iska ba tare da ya zubar da gudunai ba, in makin ya yi sama harsashin ya fi riƙe gudu. Na jan ƙarfe na kamfanin Barnes da suke kira TTSX, mai giren 150 na .308, makinai 0.420 ne. Na dalma na Hornady da suke kira ELD-X mai giren 178 makinai ya haura 0.550. Ba wai jan ƙarfe ne ba ya son iska ba, a'a, dalma ce ke iya cusa nauyi mai yawa cikin ɗan tsawo kaɗan. Amma kada wanga lissafi shi tsorata ka, na zauna na buga shi, in iskar hunturu na kaɗawa ta gefe da gudun kilomita 16 a awa, a nisan mita 275 na jan ƙarfen zai kauce da wajen santimita 19, na dalmar wajen 15 ko 16, bambancin bai fi faɗin yatsu biyu ba. A mita 100 ko 150 kau ko ka sa ido ba ka ganin komi. Hannun maharbi da numfashinai sun fi wanga bambanci ɓata harbi nesa ba kusa ba.

Inda maganar take da gaske shi ne mi ka faruwa in harsashi ya taɓa nama. Dalma taushi gare ta, da farce ma kana iya yi mata zane. In ta bugi dabba sai kanta ya baje kamar laima, ɓarɓashi ya watsu ko'ina, ramin ya yi faɗi, huhu ya dagargaje, sau da yawa dabbar nan take take zubewa. Harsashin dalma na gama-gari na iya zubar da kashi uku ko huɗu cikin goma na nauyinai cikin jikin dabba, wani lokaci ma fiye. Jan ƙarfe ba haka yake ba, tauri gare shi, don haka sai anka yi mai rami a tsini da tsaga, in ya shiga nama ruwan jiki ya danna cikin ramin sai bakin ya buɗe gida huɗu kamar furen kabewa, ya ci gaba da tafiya yana yanka. Ba ya farfashewa, in ka tsince shi ka ɗora a sikeli za ka iske kashi 95 ko fiye na nauyinai na nan. Galibi ma ba ka tsintarsa don ta ɗaya gefen yake fita.

Amma fa wanga buɗewa sai da gudu. Nan ne duk wanda anka yaudara anka yaudare shi. Masu ƙera shi na cewa shina buɗewa in ya isa da gudun ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a sakan, gwargwadon samfuri, wato wajen mita 550 zuwa 600 a sakan, kuma maharban da sunka daɗe da shi da yawa ba su yarda su sauka ƙasa da 2,000, don a ƙarshen iyakar buɗewar 'yar kaɗan ce, bakin kawai ke ɗan yagewa. Raifal .308 na fitar da giren 150 da gudun ƙafa wajen 2,800 a sakan. Kowane mita ɗari shina zubar da sama da ƙafa 200. Ka ga kenan kafin mita 400 ya riga ya sauko wajen 2,000. In bututun raifal ɗinka gajere ne tun daga baki ka yi hasarar wani gudun, iyakar ta ƙara matsowa kusa. Don haka jan ƙarfe ba ya ƙara maka nisa, rage maka yake yi. Dalma mai taushi tana ci gaba da bajewa a gudun da jan ƙarfe ya riga ya zama kamar ƙusa.

Na ga wanga da idona kuma har yau abin na damuna. Wata irin barewa ce ta can, na harbe ta a nisan da ya wuce wanda ya kamata, da raifal ta aro mai gajeren bututu da harsashi mai nauyi. Ya same ta bayan kafaɗa, ya shige ya fice tsakanin haƙarƙari bai taɓa ƙashi ba. Ta zabura ta shige sarƙaƙiya. Mun fi awa biyu muna bin ɗigon jini kafin munka iske ta, ramin shiga da na fita kusan ɗaya, kamar an soka tsinke. Dabba ta sha wuya a banza saboda ni ban san iyakar kayan aikina ba, ga shi musulmi so yake ya cim ma dabbarsa da wuri ya yanka. Mai gonar, wani dattijo, ya ce man da wanga harsashi kafaɗa ake nema ba bayanta ba, kuma a matso kusa. Washegari na bi maganarsa a wajen mita 120, dabbar ko taku uku ba ta yi ba.

Ka ga a nan jan ƙarfe ke nuna kansa. Ƙashin kafaɗa da zai iya tarwatsa harsashin dalma na arha, ya bar rauni mai faɗi amma marar zurfi, shi jan ƙarfe karya shi yake ya wuce. In dabba ta ba ka gefe-gefe, tana fuskantarka a karkace ko tana barinka, shina iya ratsa jiki mai tsawo ya kai ga zuciya. Ga manomin da gadu ya dama, dabba mai kaurin fata da taurin rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma rami biyu ya fi ɗaya zubar da jini, bin sawu ya fi sauƙi. Amma ga 'yar ƙaramar dabba irin gada, mai jiki kamar ɗan akuya, babu isasshen naman da zai buɗe harsashi mai tauri, na dalma ya fi saurin kada ta, sai dai kuma ya fi ɓata nama, wani lokaci kafaɗa guda sai dai a yar.

Wanga ficewa ta ɗaya gefen kuma tana da haɗari da ya kamata mu nan mu fi kowa kula. Dajinmu ba kango ba ne, akwai Bafulatani da shanunai, akwai mata masu itace, akwai mai gona bayan tudu. Harsashin da ya fita da kusan dukkan nauyinai har yanzu kisa yake yi. In ba ka ga abin da ke bayan dabba ba, in ba tudu ko ƙasa da za ta tare shi, kada ka taɓa kunama. Da dalma ma haka dokar take, amma da jan ƙarfe ka ninka.

To tunda bai fi nisa ba, kuma ba kullum ya fi saurin kadawa ba, don mi ni na zaɓe shi? Saboda ni ɗan Zamfara ne, kuma ba wanda zai koya muna mi ake nufi da gubar dalma. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, daga baya Bagega, yara sama da 400 sunka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje, dubbai anka yi wa magani, har ƙasar tsakar gida sai da anka kwashe anka zuba sabuwa. Waɗanda sunka rayu wasu har yau ba su koma daidai ba. Na halarci jana'izar ɗiyan 'yan uwa a wancan lokaci, ba labari anka ba ni ba. Ba zan ce dalmar harsashi ta kai wancan bala'i ba, ko kusa, yawan ba ɗaya ba ne. Amma guba ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin dalma a jini da anka san ba ya cutarwa, musamman ga ƙananan yara da mata masu ciki, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Ɓarɓashin nan da na ce shina watsuwa, mafi yawansa ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A 2008 hukumar kula da daji ta jihar Minesota a Amurka ta gwada harbin gawar tumaki ta ɗauki hoton cikin jiki, anka iske ɓarɓashin dalma har nisan inci 18 daga hanyar harsashi, wato wajen santimita 45. Ka auna wannan a jikin barewa ka gani, kusan rabin dabbar kenan. Wanke wurin da ruwa ma bai fitar da shi duka ba. A shekarar dai a jihar Dakota ta Arewa an auna jinin mutum sama da 700, waɗanda ke cin naman farauta dalmar jininsu ta fi ta waɗanda ba su ci. Dafuwa ba ta kashe dalma, ba ƙwayar cuta ba ce, kuma in anka dafa da abu mai tsami sai ma ta ƙara narkewa cikin romo. Mu kuma mun san wa ake miƙa wa hanta da tsoka mai taushi in maharbi ya dawo, yara ne da mai jego. Yaron da ya girma a ƙasar da dalma ta riga ta taɓa, kuma a ƙara mai wata a miya, ni zuciyata ba ta ɗauka.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Kayan cikin da ake bari a daji ungulu ke ci, kuma ruwan cikinta mai ƙarfi ne, narkar da dalmar yake ta shiga jini. Wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli 2019, saboda wata babbar ungulu tasu da ta kusa ƙarewa. Denmak ta hana ƙwayoyin dalma na katirij tun 1996, ta haɗa da na raifal a 2024. Ungulunmu da dauri ke cika mahauta, yaushe rabon da ka gan su da yawa? Dalilan ɓacewarsu daban-daban ne, masu kama su don magani sun fi yi masu ɓarna, amma ba sai mun ƙara masu da namu ba.

Sauran ƙananan abubuwa in gaggauta. Kuɗi, na jan ƙarfe ya fi na dalma na gama-gari tsada, sai dai kusan ɗaya suke da na dalma masu daraja, kuma maharbin gaske harsashi nawa yake harbawa a shekara. Samunsa a ƙasar nan ta hanyar halal shi ne babbar wahala, kuma ban ce kowa ya bi ta bayan fage ba. Dattin bututu, samfurin farko da Barnes ta fitar a 1989 an yi ta kuka da shi kan shina barin jan ƙarfe cikin bututu, sai a 2003 sunka yi mai zobe-zobe a jiki don rage gogayya da matsi, yanzu kusan duk haka ake yinsu, abin ya yi sauƙi. Saiti kau dole ka sake, ka wanke bututu tas, ka harba a takarda, don inda na dalma ke faɗawa ba nan na jan ƙarfe zai faɗa ba ko nauyinsu ɗaya. Wata raifal tana son sa wata sai ka canza samfuri biyu uku kafin ta tara harbi wuri guda.

Na san mafi yawan maharbanmu ba raifal gare su ba, katirij suke harbawa, zabi, kurciya, kirinjijiya da dinya a fadamun Argungu da bakin Kainji. Ku maganarku tsakanin ƙwayar dalma ce da ta baƙin ƙarfe, kuma lissafin kusan irin wancan ne. Baƙin ƙarfe ya fi jan ƙarfe ma rashin nauyi, giram 7.8, shina zubar da gudu da wuri, don haka ake ƙara girman ƙwaya mataki biyu, mai harbin lamba 6 ya koma lamba 4, kuma a tsaya cikin mita 35 ko kusa da haka. Tsohuwar bindiga mai matsattsen baki ba a sa mata shi sai an tabbatar tana ɗauka, shina iya kumbura bututun. Amurka ta hana dalma a harbin tsuntsayen ruwa tun 1991 don agwagi na haɗiye ƙwayoyin da sunka faɗa cikin taɓo suna zaton tsakuwa ce. Masu bindigar toka kuma ina roƙonku don Allah, kada wani ya karanta wanga ya je ya yanyanka wayar wuta ko ƙusa ya ɗura wai ya samu harsashin jan ƙarfe, wancan abu ne da injin ya ƙera da awo, naka fashewar bututu kawai zai jawo. Sannan narka dalmar tsohon batir a tsakar gida, kan murhun da ake tuwo, yara na wasa a gefe, wannan ya fi cin naman ma haɗari, a bari.

Ɗan yayana ya ce to Kawu ni wanne zan ɗauka in Allah ya sa na samu lasisi. Na ce mai in naman gida zai zo, kuma harbinka bai wuce mita 250 ba, wanda a dajinmu mai sabara da geza da wuya ma ka hango dabba nesa da haka, ɗauki jan ƙarfe, mai ɗan sauƙin nauyi don ya yi gudu, mai tsinin roba don ya fi saurin buɗewa, ka nemi kafaɗa. In kana ganin sai ka yi harbin mita 400 ko raifal ɗinka mai sanyin gudu ce, dalma ta fi dacewa da aikin, amma ka nemi irin wadda anka manne dalmar da rigar jan ƙarfen da ke rufe ta don ba ta cika watsuwa ba, ka yanke naman da ke kewaye da ramin da faɗi sosai ka binne shi tare da kayan ciki, kada ka ba kare, kada a niƙa naman wurin, kuma wanga dabba kada a ba yara ƙanana da mai ciki ko mai shayarwa, manya su ci. Ya ce ai Baba Sarkin Baka da dalma ya yi ta harbi har ya tsufa. Na ce mai gaskiya ne, amma shi Baba bai ga 2010 ba, mu mun gani.